Yajin Luba ya ƙare

Ina cikin yi wa wata mata kitso bayan azahar wayata ta yi ƙara a gefen tabarma. Hannuna duk mai ne, sai na ce ta duba mini. Ta duba ta ce talla ce. Sai kuma ta juyo mini da fuskar wayar. Hoton fure ne, an rubuta a kansa: "Allah ya yi wa Mama Luba rasuwa yau. Allah ya jiƙanta. Yajinta yana nan, kuma akwai rangwame har zuwa sadakar bakwai." A ƙasa ga inda mutum zai danna ya yi oda.

Haka na ji mutuwar aminiyata. Lungu ɗaya ne tsakanin gidanmu da nasu a unguwar Magajiya, amma talla ta riga ɗan aike isowa. Da na shiga gidan ko ruwan wanka ba a ɗora ba.

Sunana Rabi'a. Ni da Luba tare muka yi firamare a Hashimi, tare muka tsaya a aji shida. Ita ta auri direban bas mai jigila tsakanin Suleja da Abuja, Allah ya ɗauke shi da wuri, kuma ba su samu haihuwa ba. Sai ta ɗauki ɗan ƙaninta, Abdulbasit, tun yana rarrafe ta riƙe shi. Da turmi da taɓarya ta ciyar da shi, da su ta kai shi har difloma.

Sana'arta yajin jego ce, wanda ake daka wa macen da ta haihu ta riƙa zubawa a tuwo da farfesu. Wajen kakarta ta koya. Barkono, citta, kanumfari, masoro, kimba, tafarnuwa, daddawa, duk wanda ya je kasuwa zai samu. Abin da ya sa ake zuwa wajenta daban ne. Luba ba ta ɗaga taɓarya sai ta san wa za ta daka wa. Za ta zaunar da uwar mai jego ta yi ta tambaya. Da kanta ta haihu ko aiki aka yi mata? Tana da olsa? Jininta yana hawa? Mai olsa a rage mata barkono a ƙara citta. Mai hawan jini ba gishiri. In ta gama sai ta ɗiba da yatsa ta zuba wa uwar a tafin hannu ta ce, "Lasa. In bai yi ba, turmin bai tafi ko'ina ba."

Na sha yi mata tsiya a kan haka. "Ke dai da likita kika zama mu huta."

"Da na zama likita wa zai zauna yana jin surutunki?"

Ba 'yan unguwa kaɗai ba ne masu zuwa. Malama Ladi, malamar makaranta ce da ke zaune a Madalla, duk haihuwar da ta yi yajin Luba ta ci, ita kuma ta jawo matan cocinsu. In haihuwa ta yi yawa, har mayar da mutane Luba take yi, don hannu biyu gare ta.

Bara waccan Abdulbasit ya samu aiki a wani shagon waya a Abuja. Bai daɗe ba ya zo mata da magana, ina zaune ina taya ta ɓare tafarnuwa.

"Gwaggo, yanzu duk sana'ar da ba ta da shafi a intanet ba sana'a ba ce. Zan buɗe miki. Mutum yana Legas zai ga yajinki ya danna, a aika masa."

"Wa zai daka?"

"Ai akwai inji."

"Wa zai tambayi uwar yarinya?"

"Gwaggo, mutanen yanzu ba su da lokacin hira."

Ina so a sani, Luba ba ta yi watsi da maganar ba. Ba mace ce mai tsoron sabon abu ba. Tana karɓar saƙo a waya, tana ba ɗan acaɓa ya kai kaya har Madalla. Ta daɗe tana juya abin a ranta, don kafaɗarta ta fara ciwo, kuma tana son ta bar wa yaron abin da zai riƙe. Wata ranar Asabar ta ja ni muka je kasuwa wajen Toyin, wata Bayerabiya mai sayar da leshi, wadda aka ce shafinta yana kawo mata ciniki.

Toyin ta nuna mana komai a wayarta, ba ta ɓoye ba. Ta ce shafin ya taimake ta ƙwarai. Sannan ta ce, "Amma Mama, ni ba ni nake saƙa leshi ba. In mutum ɗari sun so, zan sayo in ba su. Ke in mutum ɗari sun so, ina za ki samo hannu?"

A hanyar dawowa cikin Keke Luba ba ta ce komai ba sai da muka kusa gida. Ta ce, "Rabi, wanda ya nemi masu saye ya rasa shi ke buƙatar abin nan. Ni masu saye ne suka fi ƙarfina." Da yamma ta gaya wa Abdulbasit a gabana cewa ta gode, amma ba ta so. Ya ce to, Gwaggo. Har da murmushi.

Ashe ya riga ya buɗe.

Ba mu sani ba sai bayan watanni, ranar da Malama Ladi ta shigo da wata robar yaji a jakarta. An manna takarda mai kyalli a jiki, an rubuta Yajin Mama Luba, ga hoton wata mata fara sol da murmushi, tsaye a kicin mai tayil. Ladi ta ce matar ƙaninta ce ta saya a intanet don ta ga sunan da ta sani. Tana da olsa. Kwana ta yi tana murƙususu, ga jariri a hannu.

Luba ta buɗe robar ta zuba a tafinta. Ja ne jawur, irin jan da barkono ba ya yi sai an sa kala. Ta shinshina, ta miƙo mini. Warin dusa ne da ta sha damshi, da gishiri kamar za a jiƙa fata. Na tofar a bakin rariya. Ita ba ta tofar ba, ta haɗiye, ta zauna tana kallon hoton.

"Wannan ce ni?"

Ladi ta ce, "Mama, na san ba hannunki ba ne. Shi ya sa na kawo."

Da Abdulbasit ya dawo bai ko musa ba. Wai a wani injin niƙa yake sa a haɗa masa da buhu. Wai hoton a intanet ya samo, don masu saye sun fi son ganin tsabta. Tsabta. Matar da ke wanke turmi da ruwan zafi kafin ta daka wa kowace mai jego, ita ake gaya wa haka a tsakar gidanta.

"Ɗana, ka sayar da abinka, Allah ya sa albarka. Sunana kawai za ka cire."

"Gwaggo, ai sunan ne kasuwar."

"To nawa ne. Ka cire."

Ya ce zai cire. Ya ce sai ya ga wanda ya haɗa masa shafin. Bayan nan ya ce mutumin ya yi tafiya. Na tare shi a bakin lungu na ce ya ji tsoron Allah, ya ce, "Inna Rabi, ba za ki gane ba." Na gane sarai. Matar da ta goya shi ta roƙe shi abu ɗaya, ya ga ciniki ya fi.

Daga nan ba ta ƙara sakewa ba. Duk wadda ta shigo sai ta fara da rantsuwa cewa na roba ba nata ba ne. Mace mai shekara sittin da ɗoriya tana rantsuwa a kan aikin da ta yi tun tana budurwa. Ba zan ce wannan ya kashe ta ba, ciwon ƙoda ne, kuma kwana ya ƙare. Amma na ga yadda abin ya hana ta jinya cikin kwanciyar rai.

A wajen zaman makoki ina kallonsa ta ƙofar zaure. Yana karɓar gaisuwa da hannu ɗaya, ɗayan yana kan waya. Idonsa ya yi ja, na yarda ya yi kuka. Amma wayar ba ta daina ƙara ba, shi ma bai daina dubawa ba.

Ganina da ita na ƙarshe, ana gobe za ta rasu ne, da hantsi. Na kai mata kunu, ta sha kaɗan. Turminta yana kife a bakin ƙofa, kaza ta hau kai. Ta kama hannuna ta ce, "Rabi, kin sa an duba? Ya cire?"

Na so in ce ya cire. Amma ba mu taɓa yi wa juna haka ba.

"Bai cire ba."

Ta lumshe ido. Can ta ce, "To ke za ki yi. Duk kan da kika kama za ki kitsa, ki gaya wa mai shi yajin Luba ya ƙare. Wanda ya ga sunana a roba, ba ni ba ce."

"Ni kaɗai zan ja da intanet?"

Ta yi 'yar dariya har tari ya kama ta. "Ke da tun muna aji uku bakinki bai taɓa rufuwa ba? Yau dai ya yi rana."

Na ce, "To, zan faɗa."

Ta ce, "Ki fara da gidan Ladi. 'Yarta ta kusa haihuwa."