Na Fita da Dambu, Na Dawo da Tuwo

A dogon hutun daminar bara, Baba ya saka ni a mota daga Birnin Kudu ya tura ni ƙauyen su mahaifiyata, can wajen Kwandiko, wai in je in taya Kawu noma ko jikina ya yi ƙwari. Ranar farko aka gwada ni a gonar bayan gida. Kafin hantsi na sare waken da ke kunyata kaf, na bar ciyawa tsaye cikin ƙoshin lafiya. Kawu ya daɗe yana kallon aikin, sannan ya karɓe fartanyar daga hannuna a hankali, kamar yadda ake raba jariri da reza.

Saboda haka ranar da ya kira gayya a gonarsa ta riɗi, ba a sa ni cikin manoma ba. Mazan unguwa ne suka yi sammako suka tafi nome masa, ba ko sisi, ladansu kawai abincin rana. Ni aka ba aikin kai abincin. Inna, wato kakata, mahaifiyar Kawu, tun da safe take turara dambun gero da zogale, ta zuba masa ƙuli-ƙuli da albasa da man gyaɗa har yana ƙyalli. Ta cika daro, ta rufe da faifai, ta ɗaure da zani. Tana naɗa mini gammo tana ja mini kunne: in azahar ta wuce abinci bai je ba, mutanen nan za su saɓa fartanyunsu su watse, kuma baɗi ko Kawu ya bi gida-gida yana roƙo ba wanda zai amsa masa gayya.

"Maigidana, ka dai san hanyar ko?"

Na ce mata ko ido rufe zan je. Ban yi ƙarya ba kuwa, na taɓa zuwa gonar da rani, lokacin da in ka tsaya a ƙofar gida kana iya hango jaki yana hamma a Zandam. Duk da haka ta maimaita mini: in fita ta gabas, in bi burtali, wato hanyar shanu, in na kai tsamiya in yi arewa, in bi iyakar gonaki, kada in ratsa gonar kowa.

Ga inda matsalar ta fara. Mutanen ƙauyen nan ba su san dama da hagu ba. Ko ludayi ka tambaya, sai a ce maka yana kudu da tukunya. Ni kuwa a gidanmu na Birnin Kudu gabas ita ce bangon da firji yake jingine, ban taɓa bukatar sanin fiye da haka ba. Ranar kuma hadari ya lulluɓe sama, rana ta tafi hutu ba ta bar saƙo ba. Ko da tana nan ma, wanda ke ɗauke da daro a ka ba ya ɗaga kai. Idona kawai nake juyawa kamar hawainiya.

Burtalin ban sha wahalarsa ba, kashin shanu ya yi mini jagora. Amma filin da na sani da rani ya ɓace. Gero ya tashi dama da hagu ya fi ni tsawo, ya fi Kawu, ina jin ya fi sandar wutar unguwarmu. Na kai tsamiya na tsaya ina murna, sai na hango wata tsamiyar a gaba, ta fi wannan girma da kamala, irin wadda ta cancanci a yi kwatance da ita. Na ƙarasa wajenta, sai ga wata. Inna ta ce tsamiya kamar guda ɗaya Allah ya halitta. Na zaɓi wadda ta fi kama da Inna, mai doro kaɗan, na karya ta gefenta zuwa inda zuciyata ta ce arewa ne.

Hanyar iyaka siririya ce, ƙafa ɗaya bayan ɗaya, ciyawar gamba tana shafa mini raɓa a wando, ganyen gero yana yanka mini wuya. Ba ta tafiya miƙe. Duk inda gonar wani ta ƙare sai ta lanƙwasa, ni ma in lanƙwasa, tunda an hana ni ratse. Na lanƙwasa har na daina sanin ko ni ke bin hanyar ko ita ke wasa da ni. Na wuce wata gonar gyaɗa mai mutum-mutumi sanye da jar riga, na yi masa sannu da aiki kafin na gane. Can gaba na sake wuce gonar gyaɗa mai mutum-mutumi da jar riga. Har yau ban sani ba ko shi ne, ko ɗan'uwansa.

A wata mararraba na haɗu da wata dattijuwar Bafulatana da ƙwaryar nono a ka. Muka gaisa kowa wuyansa a sandare. Na kwatanta mata Kawu, ba ta gane shi ba sai da na ambaci kakana da ya rasu tun ban yi wayo ba, sannan ta ce af, gonar marigayi. Ta ce ai na kusa. In miƙe har wurin ɗorawar nan da iska ta kayar bara waccan, in yi yamma, in wuce inda rijiya take a da, gonar tana nan arewa da gonar mutumin da ya koma Surko.

Na tambaye ta ko kututturen ɗorawar yana nan. Ta ce an yi turmi da shi.

"To ta yaya zan gane wurin?"

"Kowa ya san wurin, ɗana," in ji ta, ta wuce abinta.

Na ci gaba ina neman bishiyar da babu, da rijiyar da babu, da mutumin da ya tashi. Wuyana ya nutse cikin kafaɗuna, ina jin na rage tsawo. Ƙamshin dambun yana saukowa ta gefen faifai yana yi mini magana, na ƙi kula shi. Cikina ya fara ba ni labarin cewa azahar ta matso.

Sai na ji kiɗa. Wani ya rataye 'yar lasifika a reshe tana kiɗan noma, ga muryoyin maza suna yi wa juna tsiya. Na kutsa, gero ya buɗe, sai ga gonar riɗi shimfiɗe, maza a jere sun duƙa suna noma. Na kusa yin kuka don daɗi. Gonar riɗi, gayya, me ya rage? Ban san fuskokin mutanen unguwar Kawu ba, tun ina barci suka fita. Na yi sallama na tambayi mai gona, aka ce ya tafi ɗebo ruwa. Wani ya taya ni saukewa a inuwar marke.

A wurin gayya ba a tambayar mai kawo abinci daga ina yake. Wa zai ɗauko daro tun daga gari ya kawo gonar da ba tasu ba? Suka wanke hannu suka kewaye shi. Ban taɓa ganin abinci ya mutu da sauri haka ba. Wani dogo mai giɓi a haƙori ya ce rabonsa da dambu irin wannan tun bikin ƙanwarsa. Ni ma aka matsa mini na sa hannu, ina ci ina jin kaina kamar wanda ya ceci gari.

Muna cikin haka wani tsoho ya iso a keke da jarkoki. Aka ce ga mai gona nan. Na duba bayansa ko Kawu na tafe. Babu kowa. Na ce a raina wataƙila mai taya shi ɗebo ruwa ne. Tsohon ya tsuguna ya ɗebi loma, ya tauna, ya ce lallai yau iyalinsa sun tashi ta hannun dama, shekara da shekaru bai san sun iya wannan ba. Nan na janye hannuna daga daron, loma a baki. Kafin in haɗiye, sai ga 'yan mata biyu sun fito daga cikin gero da kwanuka a ka, suna cewa Baba ga abincin.

Kowa ya dubi kwanukan, ya dubi daron da ya rage sai ƙyallin mai, sannan aka dube ni.

"Kai, samari, ɗan gidan wa ne?"

Na faɗa. Aka yi salati. Dogon nan ya faɗi a kan kunya yana dariya har yana dukan ƙasa. Tsohon bai yi dariya ba, ya san abin da ke jiran Kawu. Nan take ya sa 'ya'yansa suka juye malmalar tuwon dawarsu a darona, aka dasa robar miyar kuka a tsakiya, aka ɗaure. Ya ce in yi sauri, mutanen can suna nan da yunwa. Na roƙe shi ya haɗa ni da wani, ya ce ba nisa, ai da za a yi shiru da na ji tarin Kawu. In bi iyakar nan kudu, in na ga gamba ta rabu biyu in yi gabas.

Kudu kuma? Tun fitowata arewa ake ce mini. Na buɗe baki in tambaya, aka riga aka ɗora mini daron, aka juya ni kamar akuya, aka sa ni a hanya.

Tuwo ya fi dambu nauyi, wannan ilimi ne da na samo da wuyana. Ina sauri miya tana kai kawo a kaina. Gamba ta rabu biyu, na zaɓa. Gaba kaɗan ta sake rabuwa biyu, ba wanda ya yi mini maganar wannan. Na ji kiran sallar azahar daga nesa, da farko ta gabana, da na lanƙwasa sai ya koma bayana, daga baya ya fito ta kunnen hagu. Na yi ta kiran Kawu, tsuntsaye suka tashi daga kan gero. Sau ɗaya na ji kamar an amsa, na bi muryar, na tarar da tunkiya a ɗaure.

Daga nan na daina tunani, na bar ƙafafuna su yi abin da suka ga dama. Hanya ta faɗaɗa, gero ya koma masara, masara ta koma kuɓewa, sai ga danga, sai ga rumbu. Na ce Alhamdulillahi, wani ƙauyen ne, in tambaya. Na leƙa ta kan danga na ga wata tsohuwa tana wanke madambaci. Na yi mata sallama cikin ladabi irin na baƙo. Ta ɗago. Inna ce.

Na fita ta ƙofar gida, na dawo ta bayan gida, ban kuma taɓa juyawa ba.

Ta ga daro a ɗaure, ta ɗauka ban je ko'ina ba. Ta taya ni saukewa, ta kwance zani, ta ɗaga faifai. Ta daɗe tana kallon tuwon. Ta taɓa shi da yatsa. Ta dube ni, ta ja baya kaɗan tana karanta wata addu'a da ban taɓa ji ba.

"Maigidana, dambu na ba ka."

Na fara bayani, amma da na kai kan rijiyar da babu, ni kaina na ji labarin bai yi kama da gaskiya ba. Ana haka Kawu ya shigo a kan babur, idonsa ja wur. Bai daka mini tsawa ba, da ma ya yi da na fi jin daɗi. Ya ce an yi azahar da yunwa, an jira, rabin mutanen sun tafi, sauran suna zaune a inuwa don kunyarsa kawai. Ya ɗaure daron a bayan babur bai ko tambayi abin da ke ciki ba, ya tafi. Waɗanda suka rage suka ci tuwon tsoho. Gefe guda na gonar ya kwana da ciyawarsa.

Bayan la'asar Kawu ya tasa ni a gaba muka bi gidajen waɗanda suka tafi. A kowane zaure sai ya tsuguna ya ba da haƙuri, sannan ya nuna ni, in ba da labari. Wasu suka yi dariya har da hawaye suka ce za su dawo su ƙarasa masa, amma a fara turo abincin tun jajibere. Wani ya ce a ɗaura mini ƙararrawa. Wani dattijo kuwa ya saurara har ƙarshe fuskarsa ba walwala, ya ce Allah ya kyauta, ya shige gida. Shi bai dawo ba, shi da 'ya'yansa, kuma na ga yadda abin ya tsaya wa Kawu a rai. Inna ma ta saka mayafi ta yi nata zagayen, tana shaida wa matan unguwa cewa miyar kukar nan mai ruwa-ruwa ba daga hannunta ta fito ba.

Da muka dawo, Kawu ya zauna a dakalin ƙofar gida ya miƙo mini kara, ya ce in zana masa a ƙasa ta inda na bi. Na zana burtali, na zana tsamiyar da na zaɓa, da mararrabar mai nono, da gonar tsoho, da tunkiya. Layin ya yi ta lanƙwasa har ya dawo ya haɗu da mafarinsa. Kawu ya karɓi karan ya soka a tsakiyar zanen, ya ce nan ce gonarsa. Ashe kewaye ta na yi ta yi, da dambu ta gefe ɗaya, da tuwo ta ɗayan.

Ya sake bin layin da ido tun daga farko, yana motsa baki. Ya nuna wani wuri tsakanin tunkiya da bayan gida, ya ce nan fadama ce, ruwa har ƙugu, ba hanya a wurin, tun yana yaro ba a taɓa yi ba. Na duba wandona, a bushe yake. Shi ma ya duba. Muka ci gaba da kallon ƙasa mu biyu, har awaki suka dawo daga kiwo suka bi ta kan zanen.