Ranar da Na Kai Mma Gidan Wasan Yendi

Mahaifiyata 'yar Salaga ce, a can ta koyi waƙa wajen kakarta, aure ya kawo ta Yendi. Mma muke ce mata. Ina budurwa wani attajirin goro ya dawo daga Kumasi da niyyar gina gidan wasa irin wanda ya gani a can, mai dandamali da labule da bencina. Ya bi gidajen zango, unguwarmu ta Hausawa, yana cewa gidan na kowa ne. Matan unguwarmu suka yi rani guda suna ɗebo ruwa ana kwaɓa ƙasa, ni ma na ɗauki tulu. Ko goro ba a ba kowa ba.

Ranar buɗewa Mma ce ta fara hawa dandamalin, da masu goge Dagomba biyu a bayanta. Ta yi waƙa da Hausa, ta juya Dagbanci, mutane har kan katanga. Daga ranar gidan ya yi suna. Direbobin lori suka kai labarinsa Gushegu da Bawku, ana zuwa takanas don a ji muryarta.

Bayan samun 'yancin kai sai 'yan konsat, masu kiɗa da wasan kwaikwayo, suka fara zuwa daga Kudu da gita da injin wuta, maza suna ɗaura zane suna kwaikwayon mata. Attajirin ya aiko a ce wa Mma ta ɗan huta. Ba a sake kiranta ba. Ta koma sayar da koko a bakin tasha.

Ni kuma na yi aure a Bawku, da mahaifina ya rasu na ɗauko ta ta dawo wurina. Da idonta ya fara rauni sai ta matsa mini in kai ta ta ga gidan tun ganin bai ɗauke ba. Mijina ya ce wahalar hanya kawai za mu sha. Ban ji ba. Muka hau lorin albasa, ƙanshin ya bi kayanmu har Yendi.

Mun tarar an yi wa gidan siminti da fenti da sabon kwano. Attajirin ya rasu, ɗansa ke riƙe da wurin. Muka same shi yana zagayawa da wasu baƙi, ma'aikatan gwamnati, sai muka bi bayansu. Yana ba su tarihi, Hausa da Turanci a haɗe. Ya ce mahaifinsa ya kawo magina daga Kumasi, kuma makaɗa daga bakin teku ne suka buɗe gidan.

Mma ta laluba ta dafa gefen dandamalin, ta ce a hankali, "Ɗana, ai ni na buɗe gidan nan."

Ya dube ta, ya dubi baƙin, ya yi murmushi. Ya ce, "Mma, matan zango ba su taɓa hawa nan ba. Ko wani gidan kike nufi?"

Baƙin suka yi dariya irin wadda ake yi wa tsofaffi idan sun rikice. Na buɗe baki zan yi magana, Mma ta matse mini hannu har na ji zafi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ya san ta sarai. Lokacin ginin yana yaro mai ƙiwa, uwarsa ba ta da lafiya, a gidanmu yake wuni yana cin tuwonmu.

Muka fita ba mu zauna ba. Mun kwana a gidan wata ƙawarta, Mma ba ta taɓa abinci ba. A hanyar komawa lorin ya tsaya a Gushegu ana zuba wa injin ruwa. Nan ta ce kada in gaya wa mijina abin da ya faru, in ce mun gani, ya yi kyau. Haka na faɗa masa.

Ta rasu a Bawku bayan damina biyu, ganinta ya riga ya tafi. Gidan kuwa ya zama silima, ya ƙara suna. Har yau idan mutanen Yendi suka fara yabonsa a gabana, tashi nake in bar musu wurin.