Ranar Da Ruwa Ya Gudu Ya Bar Ɗantala

Ɗantala mutumin Yawuri ne, a cikin kwalekwale ya yi wayo. Tun gemu bai fito masa ba yake ratsa wuraren da kogin Kwara ke tafasa a kan duwatsu, kuma bai taɓa kifewa ba, in dai ta bakinsa za a bi. Sai ga shi neman abinci ya dasa shi gadin wani bene a Lusail, kusa da Doha can ƙasar Larabawa, yana hango teku kullum, ba halin taɓawa. Abin na cin ransa ƙwarai.

Da ya ji Mumin, wani ɗan zangon Kumasi, yana neman mai yi wa baƙi jagora a ƙananan kwalekwale can Zakira, arewa da Doha, sai ya maƙale masa. Mumin ya yarda ya gwada shi da baƙuwa ɗaya, Jael, nas daga Jos.

"Kar ka yi nisa, ruwan nan yana janyewa," in ji Mumin.

Ɗantala ya yi murmushi kawai. Shi za a koya wa ruwa? Ya ɗaura wa Jael rigar hana nutsewa tsaf, ya kutsa da ita wani lungu cikin itatuwa, yana tuƙi yana zuba mata labarin bajintarsa. Yana tsaka da cika baki kwalekwalen ya zauna daram. Ruwan ya tsiyaye, sai taɓo ko'ina. A garinsu kogi sai rani yake ƙafewa, wannan kuwa kafin la'asar ya kwashe kayansa.

Jael ta fara cire takalmi. "Malam, mu taka mana. Ba wanda zai sani."

Nan fa ake yin ta. In suka taka, asirinsa a rufe, amma taɓon yana iya riƙe ta, ga ɓawon kawa mai yanka. In ya kira Mumin, aiki ya tafi.

"Sista, mayar da ƙafarki ciki," ya ce, ya ciro waya.

Sai da Mumin ya yi dariya ya ƙoshi. "Ku zauna ku sha ruwa. Zai dawo."

"Wa zai dawo?"

"Ruwan. Haka tekun nan yake, ya tafi ya dawo. Wanda na gwada kafin kai ya ja mutane cikin taɓo don kar in ji, na sallame shi. Kai ka zo Asabar ka kama aiki, khalas, magana ta ƙare."

Can kafin magariba ruwan ya silalo ya ɗaga su. Ɗantala ya tsoma hannu ciki, ya daɗe bai cire ba. Jael ta ga yana share ido, ta yi kamar tsuntsaye take kallo.