Ba Mu Yi Shi Ba

Ko zan manta komai a rayuwata, ba zan manta ranar da na tsaya gaban ɗan majalisar jiha mai wakiltar mazaɓarmu ba, takarda a hannu, ƙafafuna duk taɓo.

A lokacin kabu-kabu nake yi da babur, a wani ƙauye da ke gefen Magami cikin ƙaramar hukumar Gusau. Tsakaninmu da hanyar mota akwai rafi, kuma ruwa ya tafi da kwalbatin da ke kansa tun damina biyu baya. Inna, mahaifiyata, tana fama da ciwon suga, duk wata sai ta ga likita a Gusau. Idan rafi ya kawo, sai in goya ta in ratsa ruwa har ƙugu. Wata rana santsi ya kwashe ni a tsakiya, muka nutse tare. Allah ya taimake ni na cafko zanenta. Da muka fita tana tari tana karkarwa, ta ce ta haƙura da asibiti, in bar ta ta mutu a ɗakinta. Wallahi raina bai taɓa ɓaci kamar na ranar ba.

Bayan sallar Juma'a na tare dattawa a ƙofar masallaci, na ce mu rubuta koke mu kai wa ɗan majalisarmu. Suka dube ni kamar na sha wani abu. Kawuna, wanda ya haddace siyasar garin kamar karatun allo, ya zaunar da ni. Ya ce tun muna ƙarƙashin Sakkwato haka ake yi: idan naka ya ci, ka je da buƙatarka, idan ya faɗi, ka kama bakinka sai wani zaɓen. Aka ba mu jiha, majalisa ta zo Gusau kusa da mu, aka raba Gusau mazaɓa biyu, amma al'adar tana nan. Mu kuwa akwatinmu kullum bayan wanda zai faɗi yake bi.

"Wanga Onarabul ba mu yi shi ba," in ji kawu. "Da wane ido za mu dube shi?"

Wai dabararsu ita ce a je wurin wani ɗan majalisa na Bungudu, saboda uwarsa 'yar garinmu ce. Ashe sun ma taɓa zuwa. Ya karɓe su hannu biyu, ya ciyar da su, sannan ya gaya musu gaskiya cewa ba shi da bakin magana a kan rafin da ba ya cikin mazaɓarsa. Suka dawo suka yi shiru da maganar don kunya. Nan fa na hasala. Na ce to su zauna da kunyarsu, ni uwata nake goyo cikin ruwa.

Malamin firamarenmu ya rubuta mini takardar. Na bi gida-gida ana dangwala yatsa, matata ta shiga wurin mata, kuma su suka fi maza yawa. Sau biyu ina zuwa ofishin ɗan majalisarmu a Gusau ana cewa yana zaman majalisa. A na uku na rantse ba zan tashi ba. Tun hantsi nake kan benci har la'asar, ko ruwa ban nema ba.

Da aka shigar da ni, ya karanta sunan garinmu, ya ɗago kai yana murmushi. Ya ce ai ya san akwatinmu sarai, ƙuri'un da ya samu a can ba su cika hannu ba. Sai fuskar Inna a bakin rafi ta dawo mini.

Na ce, "Ranka shi daɗe, gaskiya ne, ni kaina ban yi ka ba. Amma kujerar da kake kai sunan mazaɓa aka rubuta mata, kuma muna ciki. In ba kai ba, ba mu da wani."

Na ɗauka kora ta za a yi. Sai ya tambaye ni zurfin rafin. Na miƙe na nuna masa ƙuguna.

Bayan 'yan makonni muka ji sunan garinmu a rediyo, an karanta kokenmu a zauren majalisa. Kawu ya riƙe baki. Aikin bai zo da wuri ba, sai da na ƙara goyon wata damina, na kuma yi ta komawa ofishin nan har masu gadi suka san ƙarar babur ɗina. Amma an yi. Ranar da na fara ɗauko Inna a kan sabon kwalbati, ruwa na gudu a ƙarƙashi, ta ce in tsaya. Ta sauka ta taka da ƙafarta har ƙarshe, ta juyo tana share ido, ta ce mu hanzarta kada layin likita ya yi tsawo.

Abin da na koya shi ne, wanda ya hau kujerar mazaɓarka wakilinka ne, ko ka yi shi ko ba ka yi shi ba. Shekaru muka yi muna hana kanmu haƙƙinmu da sunan kunya, kuma saura kaɗan kunyar nan ta cinye mini uwa.