Ranar da Sista Guguwa ta turo labule

Sista Guguwa muke ce mata, don in ta gifta ka a ɗakin maza na asibiti sai hularka ta tashi. Ita kaɗai ce nas ɗin da ta rage a ɗakin. Sauran nas-nas duk sun tsere, wata ta kama sayar da turare, wata ta haye jirgi. Ita ce allura, ita ce ƙarin ruwa, ita ce wankin ciwo, da za a maƙala mata tsintsiya a baki har shara sai ta yi. Kullum cewa take gobe za ta ajiye aiki, kullum kuma ita ke buɗe ƙofa. Mu masu jinya addu'armu ɗaya, kar goben nan ta zo.

Labule ɗaya ne a ɗakin, mai taya, tayar na kuka kamar akuyar da aka taka. Kowa ya sani, ba a turo shi sai an yi gawa.

To, wani tsohon mahauci mai kunyar tsiya ya ɓata shimfiɗa. Ya riƙe mata hannu ya ce, "'Yata, kar ki tone ni gaban yaran nan." Sai ta turo labulen.

Daidai nan 'ya'yansa suka shigo da kwanon abinci, ƙarti, kowanne ya cika ƙofa. Suka ga labule a gadon ubansu. Babban ya yar da kwano, ya finciko ta ta wuya, ya ɗauke ta da marin da har ɗakin haihuwa sai da aka ji. Ƙaramin ya zari ƙarfen rataye ruwa ya sauke mata a kafaɗa. Haƙorinta ya yi tsalle ƙarƙashin gado. Mai gadi kuwa yana bayan ƙofa, wai takalminsa yake nema.

Sai ga muryar tsohon daga bayan labule: "Kai, 'yan banza, in kun kashe ta wa zai ɗaura min wando?"

Shugabar nas-nas ta zo, ta dubi jinin, ta ce, "Haƙuri za ki yi, ƙanwata, ke ma kin san labulen nan. Wanke baki ki ƙarasa, babu mai karɓar ki."

Guguwa ta tofar da jini, ta koma ta gama gyara tsohon da hannu ɗaya, ta ɗaura masa wandonsa. Sannan ta cire farar hularta ta kifa wa babban ɗan a ka.

"Na gadon ƙarshe allura yake jira, yaya. Bismillah."

Ta fita a hankali. Ranar muka fara ganin ta tana tafiya ba gudu ba. Ɗakin maza yanzu kwaɗo ne a ƙofarsa.