Kaka Mai Keke da Kujerar Falo

Kaka Mai Keke ta ƙare ƙuruciyarta tana taka keken ɗinki a ɗan shagonta na bakin titi. Da ƙafafun nan ta reni 'ya'yanta bayan rasuwar mijinta. Da gwiwa ta fara ƙin ɗaukarta, abu ɗaya take tsoro: ranar da sai an riƙe ta za ta shiga banɗaki.

A asibiti aka haɗa ta da ma'aikaciyar da ke koya wa tsofaffi motsa jiki, wata siririya marar fara'a. Aikin ba wuya a baki: ki tashi daga kujera ba dafa komai, ki koma, ki sake. Kaka na nishi, ita kuwa ta harɗe hannu tana cewa, "Da saura, Mama." Kaka ta raɗa mata suna Marar Imani. Da babban ɗanta ya ce zirga-zirgar ta yi yawa, a ci gaba a gida, har albarka ta sa masa.

A gida ta gane kurenta. Ita ta yi wa mutanen gidan tarbiyyar cewa babba ba ya tashi yara na zaune, kuma sun riƙe tarbiyyar da kyau. Tana yunƙurawa daga kujerar falo sai surukarta ta fito daga kicin, ludayi a hannu.

"Mama, me za a kawo miki?"

"Ba komai. Tashi nake."

"Ina za ki?"

"Zan zauna."

"Ai a zaune kike, Mama."

Kafin ta yi bayani jikoki sun kama ta ta hammata, sun ɗaga ta cak kamar buhu. Ta yi faɗa, aka ce rigimar tsufa ce. Ta kulle ɗaki don ta yi motsa jikinta, suka jiyo nishi, saura kaɗan su ɓalle ƙofar. Ɗan kuma ya sayo mata kujera mai laushi, irin wadda in ka nutse ciki sai an ciro ka.

Wata safiya ta kasa tashi daga bakin gado. Surukar ce ta ja ta, ta raka ta har ƙofar banɗaki, ta tsaya jira. Da Kaka ta fito, ta ce a kira mata ɗanta.

"Mai da ni wurin Marar Imani."

"Mama, ke fa kika ce ba ta da tausayi."

"Rashin tausayin nake nema. Naku ya kusa gurgunta ni. Ɗauko makullin mota, kuma kada wanda ya taɓa ni."

Ta nufi mota a hankali tana dafa bango, mutanen gida duka na biye da ita, hannuwa a buɗe.