Kawu Idi da Hatsin Hawandawaki

Duk wanda ya taɓa shiga siber ɗin Kawu Idi, wato shagon intanet ɗinsa a Tasawa, ya san ba ya taɓa ordinatar, wato kwamfuta, sai da alwala. Wai wasiƙar mutane amana ce, ba a kama ta da hannun ƙuli-ƙuli.

Ƙungiyoyin manoma da yawa ya buɗe wa shafi a intanet, kowace da sunanta, da adireshin imel na shugaba da na sakatare. Tunda ƙauyukan babu rezo na intanet, duk ya karkatar da adireshin zuwa akwatinsa, in wasiƙa ta zo ya buga a takarda, ya kai musu a moto. Kuma kowane sabon adireshi sai ya gwada shi da "Salamu alaikum". In ta faɗo akwatinsa, ya amsa da ƙarfi.

Na ce, "Kawu, kai ka yi sallama, kai ka amsa?"

"To wa zai amsa, Sani? Kai da ko ta mutane ba ka amsawa?"

Takarda kuwa gaba da baya yake bugawa. Shugaban ƙungiyar Korgom ya taɓa juya tasa ya tarar da ta'aziyyar wani baƙo. Kawu ya ce, "Yi masa addu'a, kyauta ce."

Yanzu ga nawa laifin. Shekarar fari, soja na kan mulki, aka sauya kamfanin da ke ajiye shafukan, Kawu na kwance da masassara. Ya ce in sake saka adireshin duka. Na saka, amma gwajin sallama na ga ɓata lokaci ne. Na ce masa na yi.

Ashe na tsallake Hawandawaki.

Ran Laraba sakatarensu ya shigo fuska a murtuke. Wani furoje na agaji ya nemi sunayen magidanta kafin Juma'a don rabon hatsi. Korgom sun samu wasiƙa, su Hawandawaki shiru. Gari guda, yara na cin tafasa!

Kawu ya dube ni sau ɗaya, ya ce wa mutumin, "Tsufa ne, ni na manta."

Ya ɗaure kai da rawani, ya hau moto da masassararsa, ya karɓo sunayen, ya kai ofishin furojen a Maradi da hannunsa. Da ya dawo, ƙorafinsa ɗaya: bayan takardun fari ne fes, an yi ɓarna.

Sun samu hatsinsu. Har ya rasu bai tona ni ba, ni ma tsoro ya hana ni magana. Mutanen Hawandawaki, ni ne, ku yafe mini.

Allah, yadda ya rufa mini asiri, Ka rufa masa nasa. Ka sanyaya makwancinsa.